Idon Dogo

A cikin masu tonon kayan tarihi ba wanda bai san Dogo ba, ko da yake bai taɓa rubuta littafi ba, bai kuma taɓa riƙe muƙami a ko'ina ba. Idonsa ne ya yi suna. In aka share fuskar rami, mutane suka yi ta kallo ba su ga komai ba sai jar ƙasa, shi ake aikawa a kira. Zai zo yana jan dogayen ƙafafunsa, ya tsuguna a bakin ramin, ya karkata kai ya ɗan jima. Can sai ya miƙa tsinin cokalin gininsa ya ja layi a ƙasa, ya ce, "Nan bango ne. Daga nan zuwa can kuwa juji ne, nan suke zubar da toka." In aka tona, haka za a tarar.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana wannan aiki. Ya gama jami'a da sakamako mai kyau, har ya fara digiri na biyu, sai aka ce ana neman mai kula da rami a wani kufai na ɗan lokaci. Ya tafi da niyyar ya dawo ya ƙarasa karatunsa. Kafin wannan aikin ya ƙare wani ya taso, daga shi sai wani. Duk inda za a yi hanya, ko madatsar ruwa, ko a ja bututu, sai an fara duba abin da mutanen dā suka bari a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk wanda ya samu kwangilar dubawar, Dogo yake fara nema. Aikin 'yan watanni ne. In ya ƙare a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Ba ofis, ba fansho, ba ranar da zai iya cewa ga inda zai kasance baɗi.

Matarsa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata kamar kowa. Takan ce ita jakar tafiya ta aura, mijin gyara ne aka ɗora mata a kai. Yayanta kuwa duk sanda suka haɗu sai ya ce, "Suruki, har yanzu ba a kai ga tukunyar zinariyar ba? In an samu a tuna da mu fa."

Dogo ya yi dariya ya ce, "Tukunyar dai kullum muna samu, Yaya. Sai dai a fashe take, kuma ba komai a ciki."

'Yarsu guda ɗaya ce, yana kiranta Mamana. Tun tana ƙarama in ya dawo ita ke zazzage jakarsa, ta kwashe buroshi da igiyar awo ta tafi bayan ɗaki tana tone wa Malama shukokinta.

Aikin da ya zo masa a ranin nan a kan wani tudu ne da sabuwar hanya za ta raba biyu. Shugabar aikin mace ce da kowa ke kira Dakta. Dogo kaɗai ke ce mata Ƙanwata, don a hannunsa ta fara riƙe cokali tana ɗaliba, lokacin da in ta ga kunama sai ta haye cikin baro tana ihu. Shi ya koya mata yadda ake kankare ƙasa a hankali, a jawo cokali wajen jiki, a riƙa ja da baya don kada a taka inda aka share. Ita ta ci gaba da karatu ta zama abin da ta zama, amma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya.

Abin da ba wanda ya sani a sansanin shi ne, tun bara idon Dogo ya fara yi masa wasa. Yana da ciwon suga, an daɗe da faɗa masa. Amma mutumin da ke shafe watanni a daji ba ya cika alkawarin asibiti, maganin ma in ya ƙare sai ranar da mota ta shiga gari. Da farko wani dishi-dishi yake gani da safe, ya ce barci ne bai sake shi ba. Daga baya wasu baƙaƙen zare suka fara yawo a gabansa. Sannan launuka suka fara guje masa. Ja da ruwan ƙasa da toka-toka duk suka koma abu ɗaya, kamar tufafin da aka jiƙa a ruwa guda suka zuba wa juna. Ya sayi tabarau a kasuwa, bai yi ba. Ya sayi wani.

Sai ya koma dogara da hannu da kunne. Ƙasar bango tauri gare ta, cokali yana ƙara a kanta. Ta juji kuwa laushi gare ta, tana bin hannu. Da wannan ya yi ta rufa wa kansa asiri. In an miƙo masa takarda sai ya ce hannunsa da datti, a karanta masa. In aka zo zana taswirar rami sai ya ce ya kamata masu tasowa su koya, shi ya yi nasa. Kowa ya ɗauka kirki ne irin nasa.

Wata safiya, kafin rana ta yi sama, Dakta ta zagaya ramin da Dogo ke riƙe da shi. Kwanakin baya sun fito da daɓen wani ɗaki a ciki, an auna shi an zana, saura a ɗaga a ga abin da ke ƙarƙashi. Jiya da yamma an yayyafa masa ruwa an rufe da tamfol don kada ya tsage. Da ta yaye gefen tamfol ɗin, hasken safiya ya faɗo a karkace, sai ta tsaya cak. A kan daɓen ga wasu tabo baƙi-baƙi, kowanne kamar faɗin tafin hannu, sun jeru sun yi da'ira. Da ƙasar tana bushe ba wanda ya gan su, damshin ne ya fito da su. Gurbin ginshiƙai ne. Itacen ya ruɓe tun zamanin da ba a sani ba, ba abin da ya bari sai launinsa a cikin ƙasa. Tun da aka fara tono a yankin ba a taɓa samun ɗaki irin wannan cikakke ba.

Ta ɗauki hoto ɗaya da wayarta a gurguje, don direba ya riga ya tayar da mota. Gari za ta shiga ta roƙi kamfanin hanya ya ƙara musu lokaci kafin ya turo katafila. Dogo yana can gindin bishiya yana wasa bakin cokalinsa a kan dutse. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ka ga abin da Allah ya ba mu a raminka? Na bar maka shi, ka san yadda za ka yi."

"Na gani, Ƙanwata," in ji shi. "Allah ya kiyaye hanya."

Shi ya ɗauka daɓen take nufi.

Ya shiga ramin ya durƙusa, leburori biyu suna kwashe masa ƙasa da bokiti. Ruwan da aka yayyafa ya sa ko'ina ya yi laushi ɗaya, cokali bai faɗa masa komai ba. Gurbin ginshiƙan kuma ba zurfi gare su ba, abin da ya rage bai fi gaɓar yatsa ba. Ya yi aiki irin wanda ya daɗe bai yi ba, cikin nishaɗi, har da 'yar waƙarsa a maƙogwaro. Kafin rana ta karkata ya ɗage daɓen gaba ɗaya, ya daidaita ƙasan ramin sumul kamar tebur, ya share da buroshi, ya fito ya zauna a baki yana shan ruwa.

Da la'asar Dakta ta dawo fuskarta a sake, an ƙara musu 'yan kwanaki. Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi ramin. Ta tsaya a baki ta duba. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake dubawa.

"Yaya, ina zanen?"

"Wane zane? Na daɓen ai tun shekaranjiya aka gama."

"Na ginshiƙan."

"Waɗanne ginshiƙai?"

Ta ɗauka wasa yake, don ya saba tsokanarta. Ta kalli fuskarsa tana jiran ya fashe da dariya. Bai yi ba. Yana kallon wajen da take tsaye, amma idon bai sauka a kan nata ba, yana can gefen kunnenta. Ta juya ga leburorin ta ce su je su huta, aikin yau ya isa. Sai da suka yi nisa ta ciro wayarta, ta buɗe hoton safiya ta miƙa masa.

Ya karɓa ya kawo kusa da hancinsa. Ya mayar nesa. Ya karkata ta.

"Hasken rana ne ya hana ni gani," ya ce.

Ta cire malafarta ta yi wa wayar inuwa. "Yanzu fa? Me ka gani a kan daɓen?"

Ya sake kafa wa wayar ido, sannan ya miƙa mata abarta.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara."

Ta kifa bokiti ta zauna a kai. Ta faɗa masa abin da ke wurin da safe: da'irar, girman tabon, inda ƙofa take. Yana saurare kansa a ƙasa. Da ta gama ya tashi ya nufi tarin ƙasar da aka zubar bayan ramin, ya tsuguna ya cusa hannu a ciki, ya ɗebo ya murza, ya zubar. Ya fi kowa sanin ba abin da zai samu. A wannan sana'a abin da aka tone ya tonu ke nan, ba ya komawa. Shi da bakinsa ya sha faɗa wa ɗalibai haka.

Ta biyo shi cikin ɓacin rai. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ni ce fa, Yaya. Ni ce!"

"In na faɗa miki me za ki yi?" Bai ɗago ba. "Ko ki ɗauke ni don tausayi, ko ki bar ni a gida don gaskiya. Ban so na sa ki zaɓa ba. Na ce bari in lallaɓa in gama wannan, in ga likita da damina."

"Damina ta bara ma haka ka ce wa kanka, ko?"

Ya kakkaɓe ƙasar hannunsa. Can ya ce, "In kin zo rubuta rahoto ki rubuta yadda abin ya faru. Kada ki ce ruwa ne ya wanke, kada ki ɗora wa leburori. Ni na kankare shi da hannuna."

Ta juya masa baya ta goge idonta da gefen hannun riga. Ta so ta ce masa ba komai, bakinta ya kasa, don da komai, kuma ya sani.

Washegari ta mayar da shi rumfar wanke kaya. Tebur ne dogo a inuwa, da robobin ruwa da tsofaffin buroshin haƙori, inda ake wanke tsingaron tukwane a shanya a raba su kala-kala. Nan ake fara ajiye sabbin ɗalibai kafin a yarda su shiga rami. Dogo bai yi musu ba. Ya zauna a kan benci ya naɗe hannun riga. Da yatsa yake gane bakin tukunya da gindinta, da wadda aka yi wa ado da igiya da wadda aka tsaga da tsinke, kuma bai yi kuskure ba. Amma labari ya riga ya zagaya sansanin. Masu wucewa suna gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, irin ta zuwa dubiya. Mai dafa abinci ya fara kawo masa kwano har gabansa, ya sa masa cokali a hannu.

"Kai, ido na rasa ko hannu?" Dogo ya ce masa da dariya. Mutumin bai yi dariyar ba.

Wata rana yana wanki ya ji ana gardama a wani rami can sama, wannan ya ce bango ne, wancan ya ce ba bango ba ne. Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "A kira mana Do..." bai ƙarasa ba. Wurin ya yi tsit. Dogo ya riga ya fara miƙewa. Ya tsaya a haka rabi a tsaye, ruwa na ɗiga daga yatsunsa, sannan ya koma ya zauna ya jawo wata robar.

Bai jira zuwan katafila ba. Ya haɗa jakarsa ya bi motar kawo ruwa zuwa gari.

Malama tana tsakar gida tana duba aikin 'yan ajinta ya shigo. Ta ɗago da mamaki, don ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya zauna a kan kujera da takalminsa, abin da ba ya yi, ya faɗa mata komai tiryan-tiryan. Ta tashi ta kawo masa ruwa, ta cire masa takalmin da kanta.

A asibiti aka ɗiga masa magani, aka sa shi ya kafa haɓa a kan wata na'ura. Likitan idon ya daɗe yana leƙawa. Da ya gama ya jawo kujera kusa, ya ce sugan ya ɓata ƙananan jijiyoyin da ke bayan idon, sun yi ta zubar da jini a hankali. Na hagu kusan ya tafi. Na dama za a yi ƙoƙari a tsayar da shi inda yake, amma abin da ya riga ya ɓace ba zai dawo ba. Ya kuma ɗora shi a kan allurar suga ta kullum.

"Wane aiki kake yi, Baba?" likitan ya tambaya.

"Launin ƙasa nake dubawa," in ji Dogo.

Likitan ya ɗauka manomi ne, ya ce to a rage shiga rana.

A motar haya suna komawa, Malama tana ta kallon taga. Sai da suka kusa sauka ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ashe shi ya sa. Na ɗinka riga sabuwa na sa ranar da ka dawo bara, na yi ta kai-kawo a gabanka, ko tari ba ka yi ba. Na shiga ɗaki na yi kukana na share, na ce shi ke nan, na tsufa a idonsa." "Da ma hakan ne, da ya fi mini sauƙi."

Ya laluba ya kama hannunta. Ta bar masa.

Dakta ba ta zauna ba. Akwai gurbin mai kula da rumbun ajiya a gidan adana kayan tarihi, aiki na dindindin a inuwa, yawancinsa da hannu ake yi. Ta bi ofis-ofis, ta samo shaidar duk wanda Dogo ya taɓa yi wa aiki. Bayan an sha jira ta zo gidan da kanta. Tun daga yadda ta yi sallama ya gane.

"Sun ce sai mai digiri na biyu," ta ce, tana zaune a bakin kujera. "Na ce musu rabin kayan da ke cikin rumbun nan hannunka ne ya fito da su. Suka ce sun sani, amma ƙa'ida ce."

"Gaskiyarsu," in ji Dogo. "Ni na ajiye karatun, ba wanda ya kore ni."

"Yaya, ka daina cewa gaskiyarsu, don Allah."

"To me zan ce, Ƙanwata? Sha ruwanki." Ya ɗan yi murmushi. "Sauran ramukan fa, an samu wani abu?"

Ta ba shi labarin murhu da dutsen niƙa da wasu duwatsun ado da suka fito a kwanakin ƙarshe. Ya yi ta yi mata tambayoyi, a wane zurfi, a kan me suke kwance, ƙasar da ke kewaye wace iri ce. Fuskarsa ta haskaka, har ya manta ya fara zana da yatsa a kan gwiwarsa. Mamana tana bakin ƙofa tana saurare, ba wanda ya lura da ita sai Malama.

A shekarar ne Mamana ta gama sakandare. Bayan tafiyar Dakta da 'yan kwanaki, suna cin abincin rana, ta ajiye cokali ta ce, "Baba, an buɗe neman shiga jami'a. Ni fanninku nake so."

Ya daina tauna. "Wane fanni?"

"Binciken kayan tarihi. Na riga na yi magana da Anti Dakta, ta ce..."

"Ba za ki yi ba."

Bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Malama ta ce, "Baban Mamana, a bi a hankali mana."

"Ba wani a hankali. Dube ni, Mamana. Dube ni da kyau, tunda ke kina gani. Ranar da aka haife ki ina cikin rami, sai da kika kwana biyu a duniya labari ya same ni. Da kika fara tafiya a waya aka faɗa mini. Uwarki ita kaɗai ta raine ki da allinta. Yau ga ni, na ba aikin nan gwiwata da bayana da idona, ko kujerar zama bai ba ni ba."

"Amma Anti Dakta..."

"Dakta ɗaya ce! Kin san mu nawa muka fara tare? Wani yana tuƙin mota, wani yana sayar da waya, wani ba a san inda yake ba. Ki nemi abin da in kin gama za a ba ki tebur da kujera da rufi a kanki."

Hawaye ya cika idonta. "To amma Baba, in ka tuna aikin, ba ka jin daɗi? Na ga fuskarka ranar nan."

Ya ture kwanon ya tashi, ya bi bango ya shige ɗaki.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta nemi harhaɗa magunguna, aka kuma ba ta. Ranar da sakamako ya fito gidan ya cika da 'yan taya murna. Yayan Malama ya zo yana ta faɗin, "To, yanzu ne aka tono zinariyar gaskiya!" Kowa ya yi dariya, Dogo ma ya yi. Ya sa mata albarka a gaban mutane. Amma da aka watse, ya ji gidan ya yi masa wani iri. Ya saurara ko zai ji tana waƙa a madafa kamar yadda ta saba in tana murna. Ƙarar kwanuka kawai ya ji.

Ana saura kwana kaɗan ta tafi, da hantsi Malama tana makaranta, ya kira ta. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Mamana, kina son karatun nan?"

"Zan so shi, Baba."

"Ba haka na tambaye ki ba."

Ta hau wasa da bakin tabarma.

"Ranar nan raina ne a ɓace," ya ce a hankali. "Abin da na faɗa gaskiya ne, ban ƙara komai ba. Amma ban faɗa miki duka ba. Akwai lokacin da za ki share ƙasa ki ga shatin yatsan mutum a jikin tukunya, ki ɗora naki a kai, ya zauna daidai. Tun da nake ban samu abin da ya kai wannan daɗi ba. Da za a mayar da ni baya, ina jin ramin zan sake shiga. In har shi kike so, ki je ki canja. Na janye."

Ta girgiza kai. "An rufe, Baba. Tun wancan watan."

"Baɗi fa?"

"A'a." Ta goge fuska. "Na yi tunani ni ma. Maganinka kullum sai an nema, Mama kuma ta kusa ajiye aiki. Gara wannan ɗin. Ba don ka yi faɗa ba ne, wallahi."

Ya san rabi gaskiya ne, rabi kuma lallashinsa take yi. Ya ɗora hannu a kanta. Shi ya nemi haka, ya kuma samu.

Ranar tafiya suka raka ta tasha, shi da Malama. Wuri ne mai hayaniya, motoci iri ɗaya sun jeru, masu lodi na ta kiran garuruwa. Ya dage sai shi zai ɗauki akwatin, ya ɗauka har bakin mota, Malama na riƙe da gwiwar hannunsa tana faɗa masa inda rami yake. Mamana ta rungume uwarta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ya riƙa shan magani a kan lokaci, ta kusa zama mai yi masa faɗa da hujja. Ya ce to, likita. Ta shiga ta zauna a bakin taga.

Motoci biyu suka tashi kusan lokaci ɗaya. Tata ta yi hagu ta fita ta ƙofar baya. Dogo ya bi ɗayar da fuska, ya ɗaga dogon hannunsa sama yana kaɗawa, yana murmushi, har ta kai bakin titi. Wata tsohuwa da ke cikinta ta ga mutum yana ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗago nata.

"Ta gan ni?" ya tambaya.

Malama ta kalli ƙofar baya, inda ba komai yanzu sai masu tallan ruwa.

"Ta gan ka," ta ce. Ta kama hannun rigarsa. "Mu je gida, lokacin allurarka ya yi."